Mutum Tara Yake, Bai Cika Goma Ba: Labarin Hakeem Olajuwon

Wata rana da yamma a Daura, mun tarar da waɗansu samari suna gardama a ƙarƙashin dalbejiya. Da muka matsa kusa, sai muka ji ashe a kan Hakeem Olajuwon ne, shahararren ɗan ƙwallon kwandon nan. Wani ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Wani kuwa ya ce mafaɗaci ne mai son kai. Mu dai mun ga kowannensu yana da gaskiya.

An haifi Hakeem a Legas a 1963. Da farko gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma wasan ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, kuma a wani bikin wasanni a Sakkwato ne aka fara sa shi cikin gasa. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi. Shi ne na fari da aka zaɓa a wannan shekara, Michael Jordan kuwa na uku.

Masu yabonsa suna da hujja. Dogo ne sosai, amma ƙafafunsa suna da sauri kamar na ɗan yaro, gadon da ya samo daga ƙwallon ƙafa. Yakan yi kamar zai bi dama, sai ya juya hagu, ya bar abokin gaba tsaye. Ya tare ƙwallo tana kan hanyar kwando sau 3,830, fiye da kowa tun da gasar NBA ta fara lissafin wannan.

Masu sukarsa ma ba ƙarya suka yi ba. A shekarunsa na farko yana da zafin rai ƙwarai. A 1986, cikin wani babban wasa da Los Angeles Lakers, ya kai wa Mitch Kupchak naushi, alƙalin wasa ya kore shi. Ban da haka, bai cika miƙa wa abokansa ƙwallo ba, ko da mutum biyu sun kewaye shi. Shekara tara yana wasa, ba kofi. Waɗansu kuma ba su ji daɗi ba da ya buga wa Amurka a wasannin Olamfik na 1996.

Abin da samarin suka manta shi ne, Hakeem ya sāke hali. Ya koyi danne fushi, ya kuma gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da ya fara amincewa da abokansa, sai Rockets suka ci kofi a 1994, suka sāke ci a 1995. Ya daina wasa a 2002.

Iyaye, a gidaje da yawa akwai yaro mai baiwa amma mai saurin fushi. Kada ku fid da zuciya a kansa, kada kuma ku bar shi haka don yana da gwaninta. Ku yaba abin da ya iya, ku kwaɓe shi da ƙauna. Tsawo kyauta ce, amma haƙuri koyonsa ake yi.