Tsara Zanen Gini Falle-Falle a Cikin Kwamfuta



Tun kafin kwamfuta ta shigo ofisoshin masu zanen gine-gine, suna da wata dabara. Sukan zana bangaye a kan falle guda na takarda mai shara-shara, wayoyin lantarki a kan wani, bututun ruwa a kan na uku, sa'an nan su ɗora su bisa juna, ginin ya fito gaba ɗaya. Manhajar AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ta ɗauki wannan dabara, har ta kai ga manhajojin lura da gine-gine, watau waɗanda ke nuna wa ma'aikaci a kan allo halin da injuna, fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki suke ciki a kowane lokaci.

Bari mu kawo maganar gida. A Maigatari, cikin ƙasar Gumel, dab da iyakar Nijar, akwai yankin ciniki marar haraji da aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Mu ƙaddara an danƙa mana sito guda a can, cike da riɗi da zoɓorodo masu jiran fita waje, aka ce mu tsara zanensa. In muka zuba kome a kan falle ɗaya, ƙofofi da wayoyi da famfuna da lambobin zafi, allon zai cakuɗe kamar kasuwar garin ran Alhamis.

To, a kan me za a raba fallayen? A ganina, a kan mai dubawa, ba a kan abin da ya fi wa mai zane sauƙi ba. Fallen ƙasa shi ne taswirar ginin. A zana shi da launi marar ƙarfi, a kulle shi, don kada wani ya ture bango bisa kuskure. Mai gyaran lantarki ya sami nasa, mai kula da ruwa nasa. Kowa ya buɗe abin da ya shafe shi, ya rufe saura.

Amma fa a nan haɗarin yake, gama abin da ake iya rufewa ana iya mantawa da shi a rufe. Alal misali, lokacin hunturu ƙura takan shiga na'urar jin hayaƙi, ta riƙa kururuwar ƙarya, har ma'aikacin rana ya gaji ya ɓoye fallen. Ya tashi aiki, bai faɗa wa kowa ba. Can cikin dare waya ta yi tartsatsi kusa da busasshen zoɓorodo, mai gadi kuwa na duban allo, allo na nuna masa lafiya lau. Saboda haka fallen gargaɗi ya zauna bisa dukkan sauran, a hana kowa ikon rufe shi, kuma a keɓe masa jan launi shi kaɗai.

Saura batun suna. Akwai ƙa'idar duniya, ISO 13567, kan yadda ake laƙaba wa fallaye suna, amma ko ba a bi ta ba, a rubuta wanda magaji zai gane. Ku ma'aikata kun san sauyin wurin aiki: wanda ya sa wa falle suna “sabo na biyu” yau yana Maigatari, baɗi yana Dutse.