Kafin ka sayi laftof ɗin aiki: Me ya sa tambarin "Core i7" ke ruɗar mutane?

Shekaru biyu da suka wuce na tara kuɗin aikin wata huɗu na sayi laftof na hannu. Abin da na duba kawai shi ne 'yar takardar da ke manne kusa da madannai, mai ɗauke da rubutun Core i7. Mai shagon ya kunna min ita, allo ya kawo tar, na biya na kama hanya ina murna.

Ba a yi mako uku ba na gane kurena. Ina cikin rubuta rahoton da edita ke jira kafin la'asar aka ɗauke wuta, batirin bai kai minti arba'in ba ya mutu. Da na kai wa mai gyara ne ya nuna min cewa i7 ɗin tawa zubi na shida ce, wadda aka ƙera tun wajajen 2015.

Irin wannan asara tana samun akawu da lauya da ɗan kasuwa da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan lantarki ya yi tashin gwauron zabi, don haka wanda ya yi kuskuren saye ba lallai ya iya sauyawa nan kusa ba. Abu uku ne ke jan mai saye: sauƙin ɗauka, ƙarfin aiki da farashi. Da wuya ka samu duka ukun a na'ura ɗaya, dole sai ka san wanda za ka sassauta a kai.

Mece ce laftof ɗin ofis?

Manyan kamfanonin ƙera kwamfuta suna raba kayansu gida biyu: na amfanin gida da na ma'aikatu. A ɓangaren ma'aikatu, Lenovo na da ThinkPad, wadda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1992 kafin ya sayar wa Lenovo sashen a 2005. HP na da EliteBook da ƙanwarta ProBook. Dell kuma na da Latitude, wadda a farkon 2025 kamfanin ya sauya wa sababbin fitowarta suna zuwa Dell Pro.

An ƙera waɗannan ne don su jure buɗewa da rufewa kullum, jikinsu ya fi ƙwari, kuma galibi ana iya kwance su a sauya abin da ya lalace. Ma'aikatu a Turai da Amurka kan saye su da yawa, su yi amfani da su shekara uku zuwa biyar, sannan su sallame su. Su ne ke isowa Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano da sunan "'yan Landan". Saboda yawansu, batiri da allo da madannansu ba sa wahalar samu, kuma masu gyara sun san cikinsu sarai.

Kowane kamfani na da matakai. A Latitude, masu lambar 3000 su ne na ƙasa, 5000 na tsakiya, 7000 na sama. A ThinkPad, jerin E da L sun fi araha, T ne na tsakiya da aka fi sani, X1 kuma shi ne mai tsada.

Ƙarfin aiki: duba zubi, ba suna ba

Nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Sunan i5 ko i7 ba ya gaya maka shekarun na'urar. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗa. Idan ka ga i5-8250U, lambar 8 ta farko na nufin zubi na takwas, abin da 'yan kasuwa ke kira "8th gen". Idan ka ga i5-1135G7, lambobi biyun farko ne za ka karanta, wato zubi na sha ɗaya.

Zubi na takwas iyaka ce mai muhimmanci saboda dalili biyu. Na farko, daga kansa ne Intel ya ninka injinan da ke cikin furosesar laftof marasa nauyi daga biyu zuwa huɗu. Shi ya sa i5-8250U mai injina huɗu ta fi i7-7500U mai biyu ƙarfi idan ayyuka suka taru, duk da cewa a shago ana iya sa wa ta biyun kuɗi fiye da ta farkon saboda sunanta.

Na biyu, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa a ƙa'ida sai zubi na takwas zuwa sama take karɓa, in ban da 'yan ƙalilan. Ana iya cusa ta da dabara a tsohuwar na'ura, kuma wasu shagunan na yin haka, amma kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da aiko mata da gyaran tsaro ba. Ga wanda ke shiga asusun banki ko ajiye bayanan abokan hulɗa a kwamfutarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A aikace, EliteBook 840 G3 zubi na shida ce, G4 na bakwai, sai daga G5 ake shiga na takwas. ThinkPad T480 da Latitude 7490 akasarinsu na takwas ne, amma akwai waɗanda suka fito da furosesar zubi na bakwai, don haka kada ka tsaya a sunan samfur, buɗe ka ga lambar da idonka.

Bayan furosesa sai RAM, wato wurin da kwamfuta ke shimfiɗa ayyukan da take yi a lokaci guda. 8GB zai riƙe Word da Excel da 'yan shafukan intanet. Idan kana taron Zoom kana kuma buɗe shafuka goma sha, 16GB ne zai ba ka kwanciyar hankali. Ma'ajiya kuwa ta zama SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. SSD mai 256GB ta fi faifai mai 1TB amfani ga aikin yau da kullum, domin ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma jijjigar hanya ba ta lalata ta.

Sauƙin ɗauka: rashin nauyi ma yana da farashinsa

ThinkPad X1 Carbon na da nauyin kusan kilo 1.1. EliteBook 840 G5 kusan kilo 1.5, T480 kuma kusan 1.6. Wato bambancin mafi sauƙi da mafi nauyi a cikinsu bai wuce ledar fiya wata ɗaya ba. Ga wanda ke fita da mota ya ajiye a tebur, wannan ba komai ba ne. Ga ɗan jarida ko jami'in ƙungiya da ke hawa acaba da adaidaita sahu yana zaga ƙauyuka, kafaɗa za ta ji bambancin kafin yamma.

Sai dai siririyar na'ura tana zuwa da sharaɗi. A X1 Carbon an narke RAM ɗin a jikin allon ciki, ba a ƙarawa. Idan ka sayi mai 8GB, a haka za ku rabu. T480 da 840 G5 kuwa suna da gurbi biyu, kana iya farawa da 8GB, in hali ya samu ka ƙara. Haka nan sirara kan rasa wasu ramukan jona waya, sai ka sayi adafta daban.

MacBook Air mai M1, wadda Apple ya fitar a 2020, nauyinta kusan kilo 1.3 ne, batirinta na daɗewa, kuma ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Amma ba a ƙara mata RAM ko ma'ajiya, gyaranta na da tsada, kuma wasu manhajojin ofis na Windows kaɗai suke aiki. Ka fara tabbatar da abin da wurin aikinka ke amfani da shi.

A ɗaya gefen akwai manya irin su HP ZBook da Dell Precision da ThinkPad jerin P, waɗanda da yawansu sun haura kilo 2 banda ƙatuwar caja. Na masu zanen gini ne da masu tace bidiyo. Suna shan wuta, suna zafi. Mai aikin rubutu da lissafi da ya saye su ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba.

Batiri: a nan ƙasar shi ne rabin laftof

Inda wuta ba ta tsayawa, sauƙin ɗauka ba nauyi ba ne kawai, har da awa nawa za ka yi ba ka nemi soket ba. Batiri na tsufa, kuma na'urar da ta yi shekara biyar a wani ofis ba za ta riƙe caji kamar sabuwa ba.

Kana iya gane gaskiyarsa a gaban mai shago. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto. Kwatanta lambar Design Capacity, wato ƙarfin batirin lokacin da yake sabo, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan ta biyun ta sauko kusa da rabin ta farkon, sa kuɗin sabon batiri a lissafinka, ka nemi ragi.

Ka kuma duba ko tana caji ta ramin USB-C. Idan tana yi, caja mai wat 65 za ta wadatar da ita da wayarka, kuma fawa bank mai irin wannan ƙarfi zai iya ceton ka ranar da babu wuta babu mai a janareto. T480 na da wata falala a nan: batirinta biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake cirewa a sa wani ba tare da an kashe ta ba.

Farashi: abin da ka biya a shago ba shi ne ƙarshe ba

Farashi na bin dala, abin da aka faɗa maka wannan makon ba lallai ya kai mako mai zuwa ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne yadda ake lissafi: kuɗin na'ura, da na batiri in ya gaji, da na ƙarin RAM, da na caja ta asali. Sau da yawa mai arahar da ke buƙatar duk waɗannan ta fi wadda ta ɗan ɗara ta kuɗi tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sabuwa na da garanti, kuma ga ma'aikatar da ke sayen guda goma wannan ya isa dalili. Amma ga mutum ɗaya mai ƙaramin ƙarfi, ta ofis 'yar Landan mai kyau takan fi sabuwa ta gida mai furosesar Celeron da 4GB aiki da ƙarko, ko da kuɗinsu ya zo kusa.

Kafin ka biya, shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirri a kai. Jona ta da intanet ka ga ko ba za ta nemi shiga da asusun tsohon kamfaninta ba, domin wasu na zuwa a kulle. Gwada kowane madanni da kyamara da lasifika da ramuka. Buɗe farin shafi ka duba tabo a allo. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da aka ba ka na gwaji.

To, wacce za ka ɗauka?

Idan aikinka rubutu ne da lissafi da tarukan intanet, mai allon inci 14, Core i5 zubi na takwas zuwa sama, da SSD da gurbin ƙara RAM ta ishe ka, kuma in aljihu zai kai zubi na goma ko sha ɗaya ya fi, don za ta fi daɗewa tana maka amfani. Idan kullum kana kan hanya, ƙara kuɗi ka ɗauki mara nauyi, amma mai 16GB tun daga farko. Idan zane ko bidiyo ne sana'arka, ka haƙura da nauyi ka ɗauki babba.

Ni dai daga baya na sayar da waccan i7 ɗin da faɗuwa, na sayi i5 zubi na takwas na sa mata sabon batiri. Da ita na rubuta wannan, kuma tun azahar ba mu da wuta.