Tarihin Agogo da Matsayinsa Wajen Sanin Lokaci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yau za mu ɗan taɓa tarihin agogo, domin mu san inda ya kamata a dogara gare shi, da inda ba ya kamata.

Kakanninmu ba su da agogo, amma lokaci bai ɓace musu ba. Sun raba yini da sunaye: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ladan ya kan tsaya cikin rana ya auna inuwarsa da ƙafa. In inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. In kuwa ta kai tsawon mai ita, ban da inuwar zawali, la'asar ta yi. Ita kanta kalmar agogo daga Yarbawa muka aro ta, a wurinsu ƙararrawa ce. Shi ya sa har yau mu kan ce ƙarfe biyu, ƙarfe uku, watau yawan bugun da aka yi wa ƙarfe.

Amma inuwa ba ta aiki da dare ko ranar hadari, saboda haka mutanen dā suka ƙago agogon ruwa, wanda ke ɗiga a hankali cikin ma'auni. A shekarar 807 ta Miladiyya jakadun Halifa Haruna Rashid suka kai wa Sarki Sharlaman na Turai irin wannan agogo na tagulla. Kowace sa'a sai ƙananan ƙwallaye su faɗo su yi ƙara. Manyan masallatai kuma suna da malami na musamman, ana ce masa muwaƙƙit, aikinsa lissafin lokutan salla. Mafi shahara cikinsu shi ne Ibnu Shaɗir na masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya sassaƙa agogon rana na marmara wajen shekarar 1371.

Agogon ƙarfe ya bayyana a Turai wajen ƙarshen ƙarni na 13, amma ya kan yi kuskuren rubu'in sa'a a yini. Sai a 1656 wani masani na ƙasar Holan, Kiristiyan Huygens, ya sa masa abin lilo mai kai da komo daidai wa daida, kuskuren ya koma 'yan daƙiƙu. Agogon hannu ya yaɗu ne ta hannun soja a yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da na batir mai aiki da dutsen kwaz.

To, ga inda maganar take. Dā kowane gari da lokacinsa, gwargwadon ranarsa. Da jirgin ƙasa ya zo, tilas tashoshi su bi lokaci ɗaya, in ba haka ba a yi karo. A 1884 ƙasashe 25 suka taru a Washinton suka ɗauki Girinwich ta Ingila ta zama mafarin lissafi. Mu kuma dogo ya iso Kano a 1911. Yau Nijeriya da Nijar duk agogonsu ɗaya, sa'a guda gaba da Girinwich.

Amma rana ba ta bin wannan yarjejeniya. Duniya tana juya daraja 360 cikin sa'a 24, watau minti huɗu kowace daraja. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kimanin daraja takwas, saboda haka rana ta kan faɗi a Maiduguri wajen rabin sa'a kafin ta faɗi a Sakkwato, alhali agogonsu na nuna ƙarfe ɗaya. Haka kuma zawali ba ya tsayawa wuri guda cikin shekara. A Kano ya kan yi wajen sha biyu da minti goma a farkon Nuwamba, ya kai sha biyu da minti arba'in a Fabrairu.

Ku duba haɗarin da ke ciki. Basakkwacen da ya ji kiran magariba na gabas a rediyo ya sha ruwa, ya sha ne da rana a sama. Wanda ya riƙe jadawalin wani gari ya yi salla kafin lokacinta, sai ya sake ta. Shari'a ta rataya waɗannan ibadu ne ga alfijir da zawali da faɗuwar rana, agogo kuwa mataimaki ne kurum.

Saboda haka muna roƙon limamai da ladanai su nemi jadawalin garinsu, su riƙa gwada shi da inuwa da faɗuwar rana, su kuma koya wa almajirai awon inuwa kada ilmin ya ɓace. Allah ya sa mu dace, amin. Wassalam.