Halatta Giya da Ƙwaya: Me Waɗanda Suka Gwada Suka Gani?

Duk sanda aka ji wata ƙasa ta halatta tabar wiwi sai gardama ta kaure, wasu na cewa duniya ta zo ƙarshe, wasu na cewa da ma hani bai taɓa hana mashayi sha ba. Hukuncin addini dai a bayyane yake: abin da ke gusar da hankali haramun ne. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta gano dokar da ta fi rage ɓarna.

Masu son a halatta sukan kafa hujja da Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sarrafa giya da sayar da ita a duk faɗin ƙasar. Shan ya ragu, ciwon hanta ma ya ragu. Amma kasuwar ta faɗa hannun 'yan daba irin su Al Capone na Chicago, cin hanci ya yi wa 'yan sanda katutu, gurɓatacciyar giyar bayan fage ta riƙa kashe mutane. Hujjarsu ita ce abin da aka halatta ana iya auna ƙarfinsa, a sa masa haraji, a hana sayar wa yara.

Sai dai giyar da aka halatta ɗin ita ce ke ba su kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 kaɗai. Halattawa tana haifar da ɗan kasuwa mai lasisi da talla, wanda ribarsa ke wajen mashayin da ya kasa dainawa. Harajin da gwamnati ta karɓa da dama, asibiti ke karɓewa da hagu. Tailan ta sassauta dokar wiwi a 2022, shaguna suka cika titunan Bangkok, zuwa 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Portugal ce ta fi ɗaukar hankalina. A ƙarshen shekarun 1990 kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a ƙasar yana shan hiroyin. A 2001 suka sauya doka. Fatauci yana nan a matsayin babban laifi, dila gidan yari zai tafi. Wanda aka kama da abin da bai wuce shan kwana goma ba kuwa, ba a kai shi kotu. Ana zaunar da shi gaban wani ɗan kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, su tambaye shi tun yaushe ya fara, yana da aiki, wa ke kula da shi, sannan su tura shi magani ko su ci shi tara. Kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allura ta ragu ƙwarai.

Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin tsarin a 2021: ta daina kamu, amma wuraren magani ba su kankama ba, ga ƙwayar fentanil ta shigo gari. A 2024 ta mayar da hukunci.

Mu fa? Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun sha ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A 2018 ɗin ne aka haramta maganin tari mai kodin, amma shaye-shaye bai kau ba. Tiramol da sholisho suna nan. Iyaye da yawa ba su da inda za su kai ɗansu sai gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala.

Ƙasar da ta kasa hana sayar da tiramol a kyamis ɗin lungu ba ta isa ta kula da kasuwar wiwi mai lasisi ba, don haka halatta sayarwa ba namu ba ne. Amma kulle yaro ɗan shekara 19 tare da 'yan fashi saboda ƙulli ɗaya na wiwi, mugu ake ƙara horarwa. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta matsa wa dila da mai shigo da kwantena, gwamnonin jihohi kuma su gina wuraren magani da talaka zai iya kai ɗansa ba tare da ya sayar da gona ba.