Labarin Tsibirin Fanya Da Masu Ƙetare Teku Neman Ƙwadago

A ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, tun zamanin kakanni, in an gama kaka, an ɗaure dawa, an kai auduga ma'auni, samari kan naɗe tabarmarsu su tafi cin rani. Wani ya nufi Kano, wani Ikko, wani kurmi. Da ruwan farko ya sauka sai a ga sun komo, kowa da abin da ya samo. Tafiya ce da aka san lokacin fita, aka san lokacin dawowa, ba a kuwa neman iznin kowa sai na iyaye. Amma a 'yan shekarun nan, da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa a kudancin Katsina, kuɗin taki kuma ya hau, sai wata irin tafiya ta shigo ƙasa, watau ta dillalan biza. Sukan ce akwai aiki a ƙetaren teku, a kawo fasfo, a kawo kuɗi. Saboda wannan magana akan jinginar da gona, akan sayar da shanun huɗa.

Nijeriya ta taɓa ganin irin wannan tafiya, ta kuwa ga ƙarshenta, a wani tsibiri da Turawa suka sa wa suna Farnando Fo. Mutanen kudu suna kiransa Fanya, yanzu kuwa sunansa Biyoko. Yana cikin teku kudu da Kalaba, kamar mil 20 daga gaɓar Kamaru. Tsawonsa bai wuce kamar daga Funtuwa zuwa Zariya ba, amma yana da dutse wanda ya haura ƙafa 9,000, ga ruwan sama, ga ƙasa baƙa mai albarka. Turawan Isbaniya, watau Sifen, suka karɓe shi daga hannun Fotugal a shekarar 1778. Daga baya aka dasa koko, ya kuwa karɓi ƙasar ƙwarai, har ya zama cikin koko mafi kyau a duniya.

To, sai dai gona ba ta nome kanta. 'Yan asalin tsibirin, waɗanda ake kira Bubi, ba su da yawa, cututtukan da baƙi suka kawo sun rage su, waɗanda suka saura kuma sun fi son su yi nasu noman da su yi wa Bature bauta. Saboda haka masu gonaki suka dinga neman lebura daga waje. Da fari daga Laberiya aka riƙa kwaso su, har abin ya zama abin kunya, tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke Janeba ta sa aka bincika, aka tarar ana tura mutane ne bisa tilas. Wannan ya sa shugaban Laberiya ya sauka daga mulki a 1930. Da waccan ƙofa ta rufu sai ido ya juyo kan Nijeriya.

Dillalai suka bazu cikin ƙasar Ibo da Ibibiyo da Efik, suna yi wa samari romon baka, suna ƙetarar da su cikin kwalekwale da dare daga bakin Kalaba. Waɗansu teku ta ci su, ba su ko ga tsibirin ba. Da abin ya yi yawa, sai Ingilishi, masu mulkin Nijeriya a lokacin, suka ƙulla yarjejeniya da Isbaniya a watan Disamba na 1942. Aka buɗe ofishin ɗaukar lebura a Kalaba. Aka rubuta wa'adin aiki, shekara 2 da fari, da albashi, da abinci, da wurin kwana, da magani, da kuɗin jirgin komowa. Aka kuma ajiye ma'aikacin Gwamnati a birnin Santa Isabel domin ya riƙa jin kukan lebura. Wani kaso na albashi ba a ba mutum a hannu, riƙe shi ake yi sai wa'adi ya cika. An ce don amfaninsa ne, kada ya komo gida hannu wofi, amma duk wanda ya taɓa yin jinga ya san wanda aka riƙe wa kuɗi an riƙe masa ƙafa.

A takarda sharuɗɗan nan ba su da laifi. A cikin gona kuwa, nesa da birni, maganar kyaftan gandu ita ce shari'a. Jaridun Ikko suka yi ta buga labarin bulala, da aikin da ya wuce ƙima, da mutanen da aka hana komowa bayan wa'adinsu ya ƙare. Wakilan Gwamnati suka je suka dubo fiye da sau ɗaya cikin shekarun 1950, aka gyara yarjejeniya, aka ƙara albashi kaɗan. Wanda ya shiga ta ofishi yana da inda zai kai ƙara, ko da ba kullum ake jinsa ba. Wanda dillali ya shigar ta kwalekwale ba shi da suna a littafin kowa. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, domin talauci a gida ya fi labarin bulala ƙarfi, har aka wayi gari 'yan Nijeriya sun fi 'yan asalin tsibirin yawa. Akwai Hausawa a cikinsu, amma galibinsu fatake ne da masu tireda a cikin birni, ba 'yan gandu ba.

Ran 12 ga Oktoba 1968 Isbaniya ta ba da mulkin kai, aka haɗa tsibirin da yankin da ke kan tudu, ƙasar ta zama Ikwatoriyal Gini, Masiyas Ngema ya hau. Mutumin nan ya yi mulki na zalunci wanda ba a cika ganin irinsa ba. Turawa masu gonaki suka gudu, albashi ya tsaya, soja suka shiga dukan lebura da kisa. Yarjejeniyar tana nan a rubuce, amma babu mai cika ta. A ƙarshen 1975 da farkon 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, Gwamnatin Nijeriya ta aika da jiragen ruwa da na sama aka kwaso mutanenta dubbai. Da yawansu sun baro kuɗin aikin shekaru a can. Koko kuwa, wanda ya kai wajen tan 38,000 a shekara gab da mulkin kai, ya faɗi ƙasa da rubu'in haka kafin a tumɓuke Masiyas a 1979.

Fataken arewa ma sun ɗanɗana irin wannan a kan tudu. A watan Nuwamba na 1969 Gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita, Hausawan zango da yawa suka yi gwanjon kayansu, waɗansu ma a can aka haife su. A 1983 Nijeriya ta yi wa baƙinta haka nan.

Irin wannan al'amari yana gudana yau a wata kusurwar duniya. A tekun Hindu akwai ƙasar Maldib, tsibirai ne ƙanana kamar 1,200, mutanenta Musulmi, arzikinta kifi da masaukin baƙi masu yawon buɗe ido. Mutanenta kaɗan ne, gine-gine kuwa da yawa, saboda haka ta dogara da leburan waje, mafi yawansu daga Bangaladash, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 160. Saurayi can ma yakan sayar da gonar gado ya ba mai haɗa tafiya, wanda suke kira dalal. Kalmar nan da dillali ta Hausa uwarsu ɗaya, daga Larabci suka fito. In ya sauka sai mai gida ya karɓe fasfo, wani lokaci ma ya tarar kamfanin da aka rubuta masa babu shi sai a takarda. Daga nan ya zama marar izni, ba ya iya kai ƙara, ba ya iya komawa. Da irin waɗannan suka taru, sai Gwamnatin Maldib ta hana shigo da leburan Bangaladash a watan Satumba na 2019. Ƙaramin tsibiri da wuri yake cika, ƙofarsa kuwa takan rufu ne ba tare da an shawarci wanda ya riga ya biya dillali ba.

Nan ne maganar ta shafi malamai, domin gare su ake zuwa neman addu'a da shawara kafin a tashi. Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ko a Muhtasar ya san ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan, an san ajalin. Saurayin da aka ce wa akwai aiki, bai san mai gidan ba, bai san albashin ba, bai ga takardar ba, ya shiga garari tun kafin ya hau jirgi. Sa'an nan kuɗin da dillali ke karɓa ya fi kama da ji'ala, watau lada bisa biyan bukata. A mazhabar Malikiyya mai ji'ala ba ya cancantar kome sai aiki ya kammala, sharɗanta biya tun farko kuwa ɓata ƙullin yake yi. Ba sai an buɗe littafi ba ma, kowane falke a kasuwar Bakori ya san ba a ba da la'ada sai ciniki ya faɗa. Abin mamaki ne mutumin da ba zai sayi buhun masara ba sai ya soka hannu ya ga ƙwayar, a ce ya miƙa kuɗin gona sukutum saboda hoton takarda a waya.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta hana kowa ɗaukar mutane aikin ƙasar waje sai da lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago, saboda haka mai gida yana da ikon ya ce a nuna masa. Tun 2003 kuma akwai hukumar NAPTIP mai farautar masu safarar mutane. Biza iri-iri ce. Ta ziyara dabam, ta Umra dabam, ta aiki dabam, biyun farko kuwa ba su halatta wa mutum yin ƙwadago ba. Mutanen arewa sun san halin da takari ke ciki a Jidda da Makka, mutum ya shekara goma yana ɓuya saboda ba shi da iƙama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza, amma Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ƙungiyar.

Tsibirin Fanya ya sake yin arziki cikin shekarun 1990, da aka sami man fetur a tekunsa. Birnin Santa Isabel, wanda yanzu ake kira Malabo, ya cika da benaye, baƙi daga Kamaru da Mali da Nijeriya suka sake kwararowa neman aiki da ciniki. Ɗan Nijeriya ba ya shiga yanzu sai da biza, lokaci-lokaci kuma 'yan sanda kan bi unguwanni suna kama marasa takardar zama, a tsare su, a mai da su ƙasashensu. Da yawa daga tsofaffin gonakin koko, inda leburan Kalaba suka yi wa'adinsu, daji ya riga ya cinye su.