Tsutsar da Ke Cinye Dodon Koɗi a Tsibiran Pasifik

Sunanta Platydemus manokwari, asalinta tsibirin New Guinea ne. Siririya ce, shafaffiya, tsawonta bai cika wuce santimita 6 ba. Da dare take farauta: tana bin sawun yauƙin dodon koɗi har kan bishiya, ta zuba masa ruwan narkarwa, ta tsotse naman.

A wasu tsibirai da gangan aka sake ta don ta rage ƙaton dodon koɗin Afirka ta Gabas mai ɓarna a gonaki. Gyaran gangar auzinawa aka yi, domin ba ta zaɓar abin ci. A tsibirin Chichijima na Japan ta kusa ƙarar da jinsunan dodon koɗin da babu su a ko'ina sai can. Cikin ƙasar tukwanen furanni take ƙetare teku. A 2013 aka gan ta a birnin Caen na Faransa.