Tafiya Bincike Ƙetare: Wace Biza Uwargida Za Ta Nema?

Idan aka gayyaci malamin Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, zuwa bincike a ƙetare, matarsa sai ta nemi tata bizar daban.

A Ingila baƙon malami na iya zama wata 12 da iyalinsa, amma ba a yarda matar ta yi aiki ba. Jamus ta fi sassauci: matar tana iya aiki, kuma ba a tilasta mata jarrabawar Jamusanci. Amurka bizar J-2 take ba matar, sai dai tun Janairun 2026 ta taƙaita bizar J ga 'yan Najeriya.

Ƙasashen ukun matar aure ɗaya kawai suke karɓa. Wajen tabbatar da aure, shaidar waliyyai da baki ba ta wadatarwa. A tanadi takardar aure tun da wuri.